Na'urar da Ba Ta Ganin Motar da Ta Tsaya

Wahala na sha ta iri-iri a Sabha, garin Larabawa can ƙetaren Sahara, amma babu wadda ta ci ni kamar juya faranti. Na ɗauki bulo, na haƙa masai, na sauke siminti har fatar kafaɗata ta saɓule. Duk waɗannan jiki kawai suke ci, ka kwana biyu ka warke. Wannan kuwa har yau ban warke ba.

Shekarun baya ne abin ya faru, lokacin ina haya a wani ɗaki a bayan unguwar Sukra, ni da abokina, wani Bakano mai surutun tsiya. Ni mutumin ƙasar Damagaram ne. Lakwal, wato makarantar boko, ban yi nisa ba, don haka wanda ya ga kuskure a rubutun nan ya yi haƙuri ya wuce.

Kafin in kai ku wurin faranti, sai kun ji zancen autanmu. Ƙanina ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Ya yi aure, matarsa na da goyo, sai ya ce zai biyo ni. Na ce kada ya zo. Bai ji ba, ya taso. Ya kira ni daga Agadas. Ya sake kira daga Dirku da salular wani, yana dariya, ya ce in sayi makaroni in ajiye masa, don ya ji labari mu nan ba mu da tuwo sai ita. Na saya kuwa, na jefa ledar a kan taga.

Daga nan shiru. Motocin da suka taso tare sun iso Gatrun, tasu ba ta iso ba. Wani direba ya ce ya ga ta ratse hanya don ta kauce wa wata bawaba, shingen masu bindiga ke nan. Wani ya ce ƙarya ne, a baya aka bar ta. Ba gawa, ba mota, ko takalmi ba a tsinta ba. Mu nan kalma ɗaya muke da ita ga irin wannan: motar ta ɓace.

Ni ne ɗan fari a wurin mahaifiyata. Ba ta faɗin sunana, ba ta doguwar magana da ni, haka aka rene ta. Amma tun daga lokacin, kowace Juma'a sai ta sa an kira mata ni.

"Kai, an ji wani abu?"

"Ba a ji ba, Inna."

"To."

Shi ke nan hirar. Da aka jima, malaman garinmu suka ce in iyali sun sallama, a yi sadaka, a kai maganar matar gaban alƙali ta samu ta fara takaba, ta san inda rayuwarta ta dosa. Dangin yarinyar ma suka fara zuwa. Inna ta kusa yarda. Har an auno gero.

Ana cikin haka, wata safiya muna tsugune a bakin titi inda muke jiran shugul, wato aikin lebura na yini, sai wani Balarabe mai gilashi ya tsaya da mota. Ya ce mutum biyu yake so, ba masu ƙarfi ba, masu haƙuri. Abokina ya yi wuf ya nuna ni.

"Ga Badamagare nan, haƙurinsa har ya zama ciwo. Ni kuma in bi shi in rinƙa fassara, don ba ya jin maganar mutane."

Balaraben ya kwashe mu zuwa gonar dabinon mahaifinsa a hanyar Samnu. Muhandis muke ce masa, wato injiniya. Ya yi karatu mai zurfi a waje, amma Hausarsa ta bakin kasuwa ce, wadda ya tsinta wurin ma'aikatan gonar tun yana ƙarami. Kalma yake jefowa tsirara: "Kai zo. Kai juya. Shuwayya-shuwayya." Wato sannu-sannu.

A bayan gonar akwai fili da aka share. A tsakiyarsa wani ƙaton faifan ƙarfe ne da ke juyawa, faɗinsa ya isa a ɗora mota, kuma an ɗora: tsohuwar buɗaɗɗiyar mota irin wadda ake keta Sahara da ita. Mu muka sa masa suna faranti. Can nesa a ƙarƙashin rumfa akwai wasu ƙarafa biyu kamar mazurarin zuba mai, bakinsu na kallon motar, an ja musu waya zuwa wani akwati da kwamfuta. Rada ce, in ji shi, na'urar hango abu daga nesa. A da inji ke juya farantin, sai wutar Sabha mai zuwa da tafiya ta ƙona shi. Saboda haka mu ne inji. An haƙa rami a gefe, mu shiga mu durƙusa, mu kama wani hannun ƙarfe mu yi ta murzawa, kuma kanmu kada ya leƙo bakin ramin.

Jama'a, ban san jinkiri na da wuya ba sai a ramin nan. Ɗaukar bulo, ka ɗauka ka sauke ka huta. Nan kuwa so ake motar ta juya a hankali har ido bai gani, kuma bai ɗaya, ba ƙari ba ragi. Ka ɗan yi sauri, ihu daga rumfa. Hannunka ya yi rawa, ihu. Ƙuda ya shiga hancinka, ka bar shi ya yi zamansa. Tari ya taso, ka haɗiye. Rana kuma ta sauko cikin ramin ta zauna tare da ku. Abokina ya ce raƙumin da ke jan ruwa a rijiya ya fi mu gata, shi aƙalla yana ganin sama.

Da kwanaki suka tafi na fara gane abin da ake yi, gwargwadon kaina. Mazurari ɗaya yana aika kira wanda kunne ba ya ji, ɗayan yana sauraron amsa, kamar ka yi ihu a bakin rijiya. Abin da ke kusa, amsarsa tana riga ta na nesa dawowa. To ta yaya za a san na hagu da na dama? Nan ne wahalarmu ta shigo. In mota tana juyawa, gefe ɗaya yana matsowa, ɗayan yana ja da baya. Amsar mai matsowa takan sirance, ta mai ja da baya takan yi kauri, kamar hon ɗin babbar mota in ta taho ta wuce ka. Kwamfuta ke tsince su ta jera kowane a mazauninsa. Kuma kowace safiya, kafin a ɗora motar, sai Muhandis ya saurari filin babu komai. Ya ce, "Wannan fili. Ni ajiye, ni cire." Ban kula da maganar ba. Da ma na kula.

Hoton kansa ba irin na salula ba ne. Baƙin allo ne da ɗigo-ɗigo masu haske kamar garwashi: nan kusurwar bodi, nan madubi, nan ƙarfen taya. Ranar farko abokina ya leƙa ya ce, "Muhandis, duk wannan azabar don kashin kaji?" In hannunmu ya yi rawa, ɗigon sai su jaye su cakuɗe kamar tawada ta sha ruwa. Akwai wani ɗan ƙarfe mai kusurwa da yake ɗorawa a kan rufin motar, shi ya fi komai haske, kwamfuta ta kama shi ta daidaita sauran da shi. Amma in rawar ta yi yawa, ko shi ba ya ceto, sai a koma farko.

Wata rana numfashi ya ƙare mini, na ɗan ɗago kai. Da muka fito Muhandis ya kira ni, ya nuna wani shafe-shafe a gefen allon.

"Wannan kai," in ji shi. Ya danna wani abu, shafen ya tafi. "Datti. Halas." Wato an gama da shi.

Abokina ya yi dariya har ya riƙe ciki. Ni ma na yi.

Wurin shan shayi ne na tambaye shi. Na ce, "Muhandis, wai duk wannan don me?"

Ya ajiye kofi, ya nuna kudu da hannu. "Sahara babba. Mota ɓace. Ƙura, duhu, nesa, ido babu gani. Wannan gani. Wannan faɗi mota babba, mota ƙarama. Mota ɓace, wannan gani."

Ban ƙara tambaya ba. Ko kalma ɗaya. Na ji abin da kunnena ke nema tun watanni, me kuma zan tambaya?

Juma'ar nan da aka kira ni, ban jira ta yi tambayarta ba.

"Inna, akwai wata na'ura da ake haɗawa a nan. Tana ganin motar da ta ɓace a Sahara, ko a ƙura, ko a duhu."

Sai ta tambaye ni.

"Ka gan ta da idonka?"

"Ni nake juya ta, Inna."

"Kai?"

"Ni."

"To ka juya da kyau."

Tun da aka haife ni ba ta taɓa ba ni aiki da irin wannan muryar ba. Daga baya na ji ta mayar da geron sadaka rumbu. Ta aika wa dangin yarinyar cewa duk wanda ya sake kawo zancen takaba kada ya tako mata gida, ɗanta na fari yana can yana juya na'ura. Yarinyar kuwa ta ci gaba da zama a ɗakinta, ita ba matar aure ba, ita ba mai takaba ba, tana goyon ɗan da bai san ubansa ba.

Ni kuma na zama mahaukacin faranti. Na naɗe hannun ƙarfen da tsumma. Na koyi jan numfashi tare da murzawa. Salati nake yi a zuci don hannuna ya tafi bai ɗaya. In Muhandis ya ce a tashi, ni ke cewa a ƙara ɗaya. Abokina ya gaji da ni.

"Kai fa kamar an ce in an gama za a ba ka gonar. Badamagare, tsakaninka da Allah, ka taɓa ganin wanda ya ɓata dukiyarsa da karatunsa don neman irinmu a cikin rairayi?"

Na ce masa Bakano dama ba ya yarda da abin da ba a sayarwa a kasuwa. Na daina yi masa magana. Muna rami ɗaya, kafaɗa na gogar kafaɗa, ba mai ce wa wani sannu. Sai da ya yi zazzaɓi na dafa masa shayi muka shirya.

Dabino ya nuna aka sare. Sanyi ya shigo. Tambayar Juma'a ta canza.

"Kai, an gama?"

"Saura kaɗan, Inna."

Rannan Muhandis ya ce faranti ya isa, za a gwada a fili na gaske. Muka loda kaya muka nufi wajen Wadi Bawanis, muka kafa mazuraran a kan wani tudu. Can ƙasa da nisa akwai hanyar rairayi da ta yi kwana mai faɗi. Yanzu babu mai juya mota, ita za ta juya kanta in ta sha kwanar. Abokina ya taɓa yin tuƙi a gida, shi aka ba motar. Ni aikina in riƙe tamfal a kan kwamfuta don rana kada ta kashe allon. Saboda haka komai a idona aka yi.

Wasu mutane suka zo kallo a motoci masu kyau, da baƙin gilashi a fuska. Sun gaisa da Muhandis. Ni ko inda nake ba su duba ba, a wurinsu ni sandar tamfal ne kawai.

Aka ba abokina alama. Motar ta taso, ƙura ta rufe ta, da ido ba ka ganin komai sai hayaƙin rairayi. Amma a allon, da ta shiga kwana, garwashin nan suka fara fitowa. Ga gaba, ga baya, ga madubi. Mota sak. Mutanen suka gyaɗa kai. Ni kuwa na kafa wa allon ido. A raina ina cewa, auta, ka ƙara haƙuri. Na san hankali ba zai ɗauka ba, mutum ba ya wata da watanni babu ruwa. Amma ko ƙashi ne, a gani, a rufe, Inna ta san inda yake.

Suka ce a sake. Abokina ya koma ya taso. Yana tsakiyar kwana tsohuwar motar ta yi tari, ta mutu. Ƙura ta lafa. Ga ta can a tsaye, rana na ƙyalli a gilashinta, ga abokina ya fito ya ɗaga murfin inji yana zagin uwar motar.

Na duba allo. Garwashin sun narke. Baƙi ƙirin.

"Muhandis, ina motar?"

"Tsaya," in ji shi, bai ko ɗago ba.

"Na san ta tsaya. Ga ta can ina ganinta da idona. Ina take a nan?"

"Tsaya, babu hoto. Mota tsaya, dutse tsaya, rairayi tsaya, duka ɗaya. Fili. Ni cire."

Na ce, "To wadda ta lalace a Sahara fa? Wadda mai ya ƙare mata, mutane suna kwance a ƙarƙashinta suna jiran ruwa?"

Sai lokacin ya ɗago ya dube ni. Ɗaya daga cikin masu baƙin gilashi ya tambaye shi da Larabci me wannan ke cewa. Ya fassara masa. Mutumin ya yi 'yar dariya ya ba da amsa, kuma Larabcina ya isa in gane ta. Cewa ya yi wadda ta tsaya ai Sahara ta riga ta gama da ita, su mai gudu suke nema.

Ban saki tamfal ɗin ba. Har yau wannan na ba ni haushi. Na riƙe musu inuwa har suka gama kallo suka tafi.

Bayan sun tafi Muhandis ya zaunar da ni a gindin tudu ya ce in faɗa masa. Na faɗa masa zancen autanmu, da Inna, da geron da aka mayar rumbu. Ya cire gilashinsa ya daɗe yana goge shi da bakin riga. Sannan ya yi mini bayani da Hausarsa da hannuwansa. Dole ɗaya ya motsa, ko mai kallo ko abin kallo. In motar da ke tsaye ake son gani, sai a ɗora mazuraran a jirgin sama ko tauraron da ke yawo a sama, su bi ta kanta. Tasa kuwa a ƙasa take a kafe, ita ke jiran mota ta motsa. Ya buɗe tafin hannu ya kife shi.

"Nawa ma'akus," in ji shi. Wato a juye.

"Amma ka ce mota ɓace."

"Ɓace. Gudu, ɓuya, bawaba babu gani. Ni babu sani kai..."

Bai yi mini ƙarya ba. Shi ɓacewar da ya sani ita ce mota ta ɓace wa masu tsaron hanya. Ni ɓacewar da na sani ita ce mota ta ɓace wa uwar mutum. Kalma ɗaya ce, muka sha shayi a kanta, kowa ya tashi da tasa.

Na ce, "To wa ke da jirgin?"

Ya dubi sama, ya buɗe hannuwa. Sai ya dafa kafaɗata ya ce, "Allah ya jiƙan shi, ya ba ku haƙuri." Tsaf, babu kuskure ko ɗaya. A duk zamanmu wannan ce kaɗai maganar da ya taɓa faɗa da cikakkiyar Hausa. Ya ji ta da yawa a bakin ma'aikatan gonarsu har ta zauna masa. Shi ne mutum na farko da ya yi mini ta'aziyyar ƙanina.

Abokina ya hauro tudu da baƙin mai har gwiwar hannu, yana ta ba'a wai motar 'yar Damagaram ce, ba ta son aiki. Ya ga fuskata ya bar ba'ar. Har muka koma Sukra bai ce ai na faɗa maka ba. Wannan na riƙe masa shi har gobe.

Yau ina gadi a wani shago, gemu ya yi fari. Yarinyar ta gama takaba ta yi aure, Allah ya ba ta na kirki. Amma watannin da ta yi a ɗakin nan tana jiran na'urata, babu mai biyan ta su. Ko an sayi aikin Muhandis, ko yana can ƙura ta rufe shi a gonar dabino, ban sani ba, ban kuma tambaya ba. Sai dai in na ji an ce an tare wata mota a hanya an kwashe mutane, nakan dubi hannuna na dama. In sanyi ya shigo wuyan hannun nan har yanzu yana yi mini tsami.

Masu cewa kowane abu da darasinsa, ga nawa, ba shi da daɗi. In mutum ya faɗa maka abin da ranka ke so, sake tambayarsa. Sauran kuwa ba darasi ba ne, haushi ne. An zauna an ƙona ƙwaƙwalwa an haɗa idon da zai gan mu a ƙura da duhu muddin muna gudu. Ranar da muka tsaya, muka fi kowa bukatar a gan mu, sai mu zama fili, a cire mu tare da duwatsu. Kuma ni na durƙusa a rami ina salati na taya su gyara idon.

Washegarin ranar tudu ba Juma'a ba ce, amma da gari ya waye na sa aka kai wa Inna salula.

"Kai, lafiya? An gama?"

"An gama, Inna. A fito da geron nan. A yi sadaka."

"Na'urar ba ta gan shi ba?"

"Ba ta ganin wanda ya tsaya."

Na ji numfashinta. Na jira ta yi kuka ko ta zage ni, ko ɗaya ba ta yi ba.

"To," in ji ta.

Na sauko da ledar makaronin nan daga kan taga, na karkaɗe ƙura. Abokina ya kunna risho ba tare da na ce masa komai ba, ya yanka albasa. Muka dafa a babbar tukunya, muka ɗauka mu biyu zuwa bakin titi inda ake jiran shugul. Akwai sababbin zuwa da yawa a ranar, leɓunansu duk a fashe. Na ajiye tukunyar a tsakiyarsu na ce su wanke hannu su ci, ta ƙanina ce, shi ya ce in ajiye masa.